Ɗinyar Kakata

Duk inda na ji ƙamshin maɗin ɗinya yana tafasa, sai in tuna Dumega. Ina ƴar shekara bakwai, zamanin Faransawa, aka ce kowane gari ya share wa kumandan gonar gyaɗa. Igiyar awo ta haɗa da ɗinyar kakata.

Da la'asar gardi ya zo da samarin garinmu biyu riƙe da gatura. Suka iske mu a gindin itacen, Kaka tana juya tukunya, ni ina iza wuta. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ɗebo maɗi a ludayi, ta ce in miƙa wa baƙo. Ya lasa.

Ta ce, "Ɗana, gyaɗa wata huɗu ce. Wagga kuwa, uwata ma iske ta ta yi. Tambayi masu gatarinka ko akwai wanda bai sha maɗinta ba."

Samarin suka sunkuyar da kai. Gardi ya sake lasa, ya ce a ja igiya gefe.

Har yau iyakar gonar nan a karkace take. Duk wanda ya tambayi dalili, ni nake ba shi amsa.