Layin Malam Sheshi

Ranar zaɓen kansila a Tunga, Malam Sheshi ya tashi da mura. Mako uku ke nan matarsa Rekiya tana girki da ɗanyen itace, hayaƙi ya toshe masa hanci har ba ya bambance daddawa da turare. Duk da haka ya ɗauki kundin manufofin jam'iyya ya fita.

A shekarar ne aka ƙera wa ƙasa jam'iyyu biyu, ɗaya ta ɗan karkata dama, ɗaya ta ɗan karkata hagu, ofisoshinsu iri ɗaya kamar tagwayen da aka yi wa ɗinkin salla. Zaɓen kuma babu akwati. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a gabansa, malamin zaɓe ya ƙirga kawuna, shi ke nan.

Malam Sheshi, ɗan takarar hagu, tsohon malamin firamare ne, kuma shi kaɗai ne a faɗin Tunga ya karanta kundin jam'iyyar hagu, shafi tamanin da huɗu, har sau biyu. Ya yi imani talaka aƙida yake bi. Ba a taɓa nuna masa talakan ba, amma ya yi imani.

Abokin karawarsa Alhaji Maliki mai siminti ne. Da shi ne uban jam'iyyar hagu, har ranar da aka buga hotonsa ƙarami a kalanda. Ya kwashi mutanensa da makaɗansa da fankar ofis ya koma dama, kafin la'asar kuma ya samo sabuwar manufa: Tunga ta 'yan Tunga. Duk wanda ba a binne cibiyarsa a nan ba, ya tattara. A garin da kusan kowa jirgin ƙasa ne ya sauke kakansa, jama'a suka yi ta tafi, kowa yana hararar maƙwabcinsa.

Cibiyar Malam Sheshi tana Bida. Alhaji ya rantse a bainar jama'a cewa ranar da ya ci, zai sa a rushe gidan Malam, tunda kan filin ƙaramar hukuma yake, a loda shi a akori-kura zuwa Bidar. Garin da tun girmansa sau biyu ya taka shi, duk ta'aziyya.

Suka haɗu a bakin filin zaɓe.

"Malam, har yanzu kai da littafin nan?" in ji Alhaji. "Jama'a mutum suke bi. Ko jam'iyyar awaki na shiga, kafin azahar za ka ji Tunga tana kuka irin nasu. Ka ɗaure kayanka dai?"

"Ga fili ga mai doki, Alhaji," in ji Malam Sheshi, ya fyace hanci.

Alhaji ya kama gindin mangwaro, mutum wajen ɗari shida suka jeru a gabansa, makaɗa suka saki kalangu. Malam Sheshi ya samu bakin titi, cikin rana, ya ba titin baya. Layinsa mutum huɗu ne: Rekiya, ƙanenta, wani kurma, da wani da ya tsaya gyara takalmi. Ya sa tabarau, ya buɗe shafi na ɗaya, ya fara karatu da ƙarfi, kiɗa yana cinye kowace kalma.

Yana shafi na goma sha ɗaya, babin tallafin noma, sai wata inuwa mai faɗi ta rufe shi. Bai waiwaya ba. Mai gaskiya ba ya mamakin rahama.

Rekiya ta kwasa a guje ta yi gida. Ransa ya ɓaci, amma kafin ya gama shafin ta dawo, bayanta mata kusan arba'in. Ya leƙo ta saman tabarau. Layi yana tsawo. Kowa riƙe da galan, ko jarka, ko kwalba. Ƙwalla ta cika masa ido: bayin Allah, har da guzurin ruwan sha, sun ƙudura sai sun ji shafi tamanin da huɗun nan kaf.

"Na riga ki zuwa, Aishatu, kada ki kawo mini raini!"

"Ke da kika sauko daga Maikunkele yanzun nan? Matsa!"

Malam Sheshi ya ƙara murya. Tunda yake bai taɓa jin an yi dambe don a matso kusa da aƙida ba.

Layin Alhaji ya fara narkewa kamar man shanu a rana. Dattawa suka zame, matasa suka bi, makaɗa suka jingine kalangu suka arce. Malamin zaɓe mutum ne mai bin doka: doka ta ce layi, ya ƙirga layi. Malam Sheshi ɗari bakwai da sha biyu, Alhaji tara. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Alhaji ya dubi mutum taran nan, ya dubi layin Malam da ya kai har kwanar titi. Ya karɓi amsa-kuwwa ya sanar cewa shi dama can a zuciyarsa ɗan hagu ne, maganar cibiya kuma 'yan jarida ne suka murɗe ta. Shugabannin jam'iyyar dama na mazaɓar suka ce su ma haka. Suka taho a jere, Alhaji na gaba.

"Ranka ya daɗe, kansila," in ji shi. "Gida naka ne, har siminti zan aiko a yi daɓe. Ko za ka sa baki a bar ni a gaba-gaba?"

"Ka gani ko, Alhaji? Aƙida ke nan. Koma baya ka bi layi."

Ya lashi yatsa ya buɗe shafi na arba'in. Sai tsohuwar da ke kan gaba, Inna Bintu, ta ja masa hannun riga.

"Malam, Allah ya sa albarka a karatun nan, amma matsa gefe haka. Tun ɗazu direban tankar kananzir yake jira ka tashi daga bakin famfo ya fara sayar mana."