Munduwar Sallau

Ana ta cewa munduwar auna yanayin jiki da asibitin ƙwaƙwalwa ke ɗaura wa marasa lafiya ta fi uwa sanin halin ɗanta. Tun zuwanta aka daina tambayar dangi komai. Malama Tabawa, tsohuwar shugabar makaranta, ba ta yarda ba. Wata uku tana roƙon a ba ɗanta Sallau gado a asibitin. Ya daina ci, sai hira da bango, amma tunda a zaune yake wuri guda, munduwa ta ce lafiyarsa lau.

Sai ta yi wata dabara, ta jira mako guda, ta koma.

Ma'aikaciyar asibitin ta duba allo, ta gyara zama. "Iya, jikin ya rikice. Ba barci, ba hutu, zuciya sai bugu take. An ba shi gado yau."

"Da na faɗa miki da bakina fa?"

"Maganar baki ba ta cikin tsari, Iya. Ina mara lafiyar?"

"Yana gida da ƙanwarsa." Tabawa ta janye mayafi, ta ɗora hannu a kan tebur. "Kwana bakwai ke nan munduwar tana hannuna."