Sunan Baba da Muryar Inna

Masu jin hirata a radiyo sukan tambaye ni inda na koyi kwaikwayo. Nakan ce a Yamai, don su bar ni in sha shayina. A Gure ne, zamanin Nasara, tun ban fi turmi tsayi ba. Ranar kasuwa akan ɗora ni bisa buhun kanwa, in yi muryar mai nama, in yi ta sojan kumandan, a yi dariya a ba ni dabino.

Bayan rasuwar Inna, wata la'asar ina lambu a kwari tare da Baba yana ban ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi ya cika wurin. Sai ya aje guga.

"Ke uwar surutu, kin iya muryar Innarki?"

Na yi masa yadda take kiransa cin tuwo: "Malam, zai huce fa."

"Ba wannan ba. Sunana za ki faɗa, da muryarta."

Inna ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kunya ta hana. Ɗiya ma ba ta faɗin sunan uba. Na sunkuyar da kai, na gyara murya, na faɗa.



"Ashe haka zai fito," ya ce. Ya ɗauki gugansa.

Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Aiki aka ba ni, na yi. Na zaga Kano da Abijan, ko'ina an tafa mini. Har yau in na gama wasa haka nake tsayawa, ina jiran mutum ya ɗauki gugansa.