Ruwan Tawa a Gumel

Mutanen Gumel manoma ne, ba abin da suka rasa sai ruwa. Da garinsu ya ƙulla ƙawance da Tawa ta Nijar, aka amince a riƙa kora hadari bi da bi: bana nan, baɗi can.

Ranar ruwan farko, wata yarinya, Kande, ta ruga wurin madubin kasuwa, inda ake ganin mutanen Tawa.

"Tsahara, ƙawata, dubi rigata sharkaf!"

Daga can Tawa, Tsahara ta yi murmushi. A bayanta ana ɗaure tukwane a kan amalanke.

"Baɗi naku ne," in ji Kande.

"Baɗi ba ma nan. Baba ya ce gobe za mu tashi."

Kande ta dubi rigarta. Ta gane ruwan su Tsahara ne ya jiƙa ta.