Balangun da Rufaida Ba Ta Ci

Da girmana, ranar da na je shaida wa Rufaida zan turo magabatana, na zauna daram a kan ƙunshin balangun da na sayo mata a Kwanar Dangora. Maiƙo ya ɓata mini farar shadda.

"Kin ga na tausasa miki shi," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Tana bakin tabarma, awarwaro na yawo a hannunta.

"Malam Sabo, wata bakwai kana kawo naman nan. Ka taɓa ganin na kai baki?"

"Ai kunya ce. Wace budurwa ke tauna a gaban manemi?"

"A ɗaki ma ba na ci. In Inna ta matsa mini na ci, sai in zagaya in sa yatsa in amayar."

Kaina ya ɗaure. Olsa ce? Iska ce? Ga rumbunsu cike da hatsi. Sai bakina ya riga hankalina.

"To ai ni sirantakar nan taki ce ta kama ni."

Ta ɗago ta dube ni.

"Na sani, kullum kana faɗa. Ka turo magabatanka da wuri, kafin abin da ya kama ka ya ƙarasa ni."