Gidanmu a Bayan Takardar Siminti

A hutun ƙarshe kafin ruwan madatsar Bakolori ya cinye ƙauyenmu da ke ƙasar Maradun, malaminmu ya tara mu a gindin tsamiya domin ya koya mana zane. Ya raba mana gawayi da takardun buhun siminti da leburori suka yar.

Na duƙufa na zana katafila, har da haƙoranta. Malam ya daɗe a tsaye a kaina, sannan ya ce, "Ɗana, wagga katafila gwamnati na da masu ɗaukar hotonta. Gidanku hwa, wa za ya ɗauka?"

Na juya takardar na fara daga zaure. Ranar na san cewa ban taɓa duban gidanmu da kyau ba, domin sai da na ruga na ƙirgo rumbunanmu.

Na yi shekaru ina aikin ajiye takardun hukuma. Hotunan madatsar sun cika fayil-fayil, amma ko ɗaya babu na ƙauyenmu, kuma har yau ban yafe wannan ba. Zanena kaɗai ya rage. An kira la'asar muka tashi, ban kai ga ɗakin mahaifiyata ba.