Ɗalibar da Ta Rage wa Auta

Karo na uku ke nan malaminta ya turo wa Auta kundin bincikenta, jan biro ko'ina.

"Dabarar koyar da manya karatu, amma ina manyan? Ki kawo ko mutum ɗaya da ya iya, ko ki maimaita shekara."

Mata tara ta fara da su a ajin yamma. Haihuwa ta ɗauke biyu, ƙaura ta ɗauke uku, sauran suka sulale. Ta isa shagon yadin uwarta ƙafa na ciwo, ta zube kan benci, ta zayyana mata halin da take ciki.

Inna, wadda tun rasuwar mijinta dillalai ke shakkar cinikinta, ta gama ninke atamfa kafin ta dube ta.

"Sa ni a ciki. Amma wankin gida naki ne har ki gama."

"Haba Inna, har ni?"

"Har ke. Kyauta ake zama ɗaliba?"

Wata huɗu suna fama bayan an rufe shago. Inna ta yi hamma, ta kira harafin ba da sunan da, ta yi tsaki. Wani lokaci ta tambaya, "Yau har ina ake so in kai?" Ta kai nan ɗin, ta ture littafin. Auta na cika jadawali, mako bayan mako, ci gaba tiryan-tiryan.

Ranar kare kundin malamai uku suka sa aka shigo da tsohuwar. Ta zauna gaban teburinsu, ta bi sakin layi da yatsa, tana tuntuɓe tana tashi, har ta kai aya. Babbansu ya jinjina kai, ya yi rubutu a takardar gabansa, ya ce su jira a waje.

A baranda Auta ta kasa zama.

"Zauna, kin ci," in ji Inna tana murza gwiwa. "Saba'in da biyu ya rubuta, sai gyara a babi na huɗu."

Auta ta zuba mata ido. Takardar ai malamin take fuskanta, a juye take ga Inna, rubutun kuma na gaggawa.

"Shekara ashirin ina karanta takardun dillalai a juye, suna zaton makauniya ce a gabansu. Kada ki fasa min ƙwai a kasuwa. Wallahi yin kuskure da gangan ya fi komai gajiyarwa."